Wasiƙa zuwa ga ungozomomin Zinyau da kewaye

 

Kafin ma'aikaciyar asibiti ta ji labarin ciki, ku kun riga kun gani. Shi ya sa nake kawo muku maganar hawan jinin masu ciki, wanda kan taso bayan wata biyar, in aka yi sake ya kai ga jijjiga.

Ciwon nan yana da waɗanda ya fi bi. Ta farko ita ce mai cikin fari, musamman ƙaramar yarinya. Ita ce kuma kunya ke rufe wa baki: kanta na sarawa, zobe ya matse mata yatsa, fuska ta kumbura, amma ba za ta faɗa wa uwar miji ba, sai a ce ciki ne ya karɓe ta. Don Allah ku riƙe hannunta ku duba, ku tambaye ta a keɓe ko tana ganin duhu-duhu, ko ciwo a ƙasan haƙarƙarin dama. Bazawarar da ta ɗauki cikin farko da sabon miji, ita ma ku sa mata ido kamar amarya, ko da ta haifi biyar a gidan baya.

Sai mai tagwaye, da wadda ta haura shekara 35, da mai ƙiba, ciwon suga, ciwon ƙoda ko tsohon hawan jini. Wadda ta taɓa yin ciwon, ko mahaifiyarta ko yayarta ta yi, wannan ku kuka fi kowa sani, don ku kuka yanke cibiyar gidan.

Irin waɗannan, ku matsa wa mazansu su bar su zuwa awo da wuri. Idan jini ya kai 140 bisa 90, a gwada fitsari. Maganin kariya, irin su asfirin ɗan kaɗan, ma'aikaci ne zai rubuta, ba a saye shi a kasuwa.

In kuwa ta fara jijjiga, ba iska ba ce, kada a tsaya hayaƙi ko ɗura rubutu a bakin wadda ba ta hayyacinta. A kwantar da ita ta gefen hagu, a nemi mota zuwa Babban Asibitin Rano. A 2008 aka shigo da allurar magnesiyam salfet, maganin jijjiga, asibitoci goma na jihar Kano, kuma mutuwar masu jijjiga a can ta sauko daga kusan 21 cikin ɗari zuwa ƙasa da 3.

Ciwon kan taso har bayan haihuwa. In kun zo wankan jego, ku tambayi maijego ciwon kai.

Ku huta lafiya.