Kada Mu Raina Lantarkin Da Ke Ƙasa Da Sifiri

'Yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, a ɗakunan gwaje-gwaje da ofisoshi akwai tsofaffin ma'aunai da na'urori masu aiki ƙalau, amma an jingine su, wai ba sa jin yaren kwamfutocin zamani. Mu dai a ganinmu laifin ba nasu ba ne, na rashin sani ne, wanda Hausawa suka ce ya fi dare duhu.

Da yawa daga cikinsu suna aika saƙo bisa ƙa'idar RS-232, wadda aka fitar da bugunta na C a 1969. A ƙa'idar nan, folt 3 zuwa 15 ƙasa da sifiri shi ne 1, folt 3 zuwa 15 bisa sifiri kuma shi ne 0. Ƙananan da'irori irin na TTL kuwa, sifiri zuwa folt 0.8 suke ɗauka 0, folt 2 zuwa 5 su ɗauka 1. Watau saɓani biyu ke nan, ƙarfin ya bambanta, ma'anar kuma a juye take. Wanda ya haɗa wayoyin kai tsaye yana iya ƙone guntun kwamfuta, domin galibinsu ba sa jure fiye da kamar rabin folt ƙasa da sifiri.

Maganin ba shi da tsada. Tiransista guda irin NPN, da dayod guda, da rizista biyu sun isa. Rizista ɗaya ta rage wutar da ke shiga gindin tiransista, ɗayar ta ja ƙafar fita zuwa folt 5. In layi ya hau, tiransista ta kunnu, ƙafar fita ta sauka sifiri. In ya faɗa ƙasa da sifiri, dayod ya tsare gindin a wajen folt 0.7 ƙasa da sifiri, tiransista ta mutu, ƙafar fita ta koma folt 5. An rage ƙarfi, an kuma juya ma'ana.

Wasu za su ce, tuni akwai MAX232 mai yin wannan aiki duka, ina amfanin wahala? Lalle a yi amfani da shi. Amma wanda bai san abin da yake yi ba, ranar da ya lalace sai ya rubuta takardar sayen sabuwar na'ura da kuɗin jama'a.

Saboda haka muna roƙon malamanmu su sa kowane ɗalibin injiniya ya haɗa da'irar nan da hannunsa, ya auna ta, kafin ya karɓi digiri. Ma'aikata kuma, kafin su sa hannu a jefar da wata na'ura, su nemi a auna wayarta tukuna. Allah Ya sa mu gane.