Masu tallar "ƙara garkuwar jiki", yau da ku muke

Jama'ar Konni, Malbaza da Illela, kun san lasifikar nan ta ranar kasuwa: a sha wanga, garkuwar jiki ta ƙaru, cuta ta gudu. Mu ma 'yan rediyo mun sha karanta irin wanga talla, an biya mu, mun yi shiru. To shirun ya isa.

Garkuwar jiki kamar karen gadi take. In ya yi sanyi, ɓarawo ya shiga. In ya yi zafi, ya ciji mai gida. Ciwon lupus, da ciwon gaɓoɓin nan mai sandarar da yatsu da safe, garkuwa ce ta juya tana cin jikin mai ita. Nan sai a ce jifa ne, a ɗora wa kishiya, alhali wani sashe na abin yana cikin gadon jini.

Korona ta tona wannan asiri. A Disamba 2020, masu bincike a Birtaniya sun duba ƙwayoyin gado na mutum fiye da 2,000 da ciwon ya kai su ɗakin masu rai kwakwai mutu kwakwai. Cikin abin da sunka gano akwai TYK2, ƙwayar gadon da tuni an san tana da hannu a lupus da ciwon gaɓoɓi. Wata tawaga da ke aiki tsakanin Paris da New York ta ga kusan 1 cikin 10 na masu tsananin korona, jininsu da kansa ke kashe sinadarin da jiki ke yin kururuwa da shi in ƙwayar cuta ta shigo. Kuma me ya ceci rayuka? Magungunan kwantar da garkuwa: dexamethasone, sannan baricitinib na ciwon gaɓoɓi, wanda OMS ta amince da shi a Janairu 2022. Ina mai kwalba? Ya zo ya yi bayani.

Gado mai kaifi biyu ba baƙo ba ne gare mu. Jinin sikila na kare mai ɗauke da rabinsa daga mugun zazzaɓin cizon sauro. Akwai kuma APOL1, mai yawa a Afirka ta Yamma: tana kariya daga wani nau'in ciwon barci, amma wanda ya gaje ta ta uwa da uba, in lupus ko sida ko korona ta same shi, ƙodarsa ta fi saurin lalacewa.

Kada hwa wani ya ji ya ruga tebur ya sayi dexa. Ita ce wasu 'yan mata ke sha don ƙiba, tana buɗe ƙofa ga kowace cuta, kuma ko a korona ba ta amfani wanda bai kai ga buƙatar iska ba.

Wadda yatsunta ke kumbura, ko kurji ya fito mata a kumatu, ko fitsari na kumfa, ta je CSI a auna fitsari, a tura ta gaba. Mu kuma daga yau, mai kwalba zai faɗa mana abin da ke ciki kafin mu buɗe masa makirfo.