LAFIYAR IYALI: Me Ke Faruwa da Mama Bayan Yaye?

Ya ku iyaye mata, a wannan wata za mu yi magana a kan yaye. A Paki da ƙauyukan Ikara, Makarfi da Kudan, al'ada ce a ɗauki yaro rana ɗaya a kai shi gidan kakarsa. Kowa yana tausayin yaro, amma ba a cika tuna uwa ba, wadda mamanta zai kumbura ya yi tauri.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Mama cike yake da 'yan mitsi-mitsin jakunkuna masu yin nono. Idan yaro ya daina tsotso, nono ya taru, jiki yakan ba da sanarwa cewa aiki ya ƙare. Sai ƙwayoyin halitta masu yin nono su fara mutuwa bisa tsari. Wannan ba cuta ba ce, shirin Mahalicci ne. Daga nan sojojin jiki, wato fararen ƙwayoyin jini, sukan zo su cinye matattun ƙwayoyin da ragowar nono, kitse ya cike gurbin. Kamar sharar gona ce bayan girbi, domin shuka ta gaba.

Yayen gaggawa yakan jibga wa jiki wannan aiki duka a lokaci ɗaya, nono ya maƙale, wani lokaci har ya zama ƙurji. Saboda haka ki yaye sannu a hankali: ki rage shayarwa ɗaya, bayan 'yan kwanaki ki rage wata. In mama ya cika, ki tatse kaɗan don samun sauƙi kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba jariri nono zalla wata 6, a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara 2 ko fiye.

In kin ga zazzaɓi, ko mama ya yi ja da zafi, ki je asibiti ranar. Kullutun da ya ƙi bajewa bayan 'yan makonni kuwa, ko da ba ya ciwo, kada ki ce ragowar nono ne. Ki je babban asibitin Ikara ko na Makarfi, ko Asibitin Koyarwa na Shika a Zariya, gama sankarar mama takan ɓuya a wannan lokaci.

Maigida, wannan aikinka ne kai ma. Ibrahim ya yi babban biki ran da aka yaye Ishaku (Farawa 21:8). Ka yi murna da ɗanka, ka kuma kula da lafiyar uwarsa.

Ubangiji ya kiyaye gidajenmu. Sai wata mai zuwa.