Wai Raguwa Ce Don An Yi Mata Aiki

Da Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar a watan Nuwamban 2024 cewa za a riƙa yi wa matan talakawa aikin cire jariri kyauta, na ɗauka uzuri ya ƙare. Ashe da sauran rina a kaba. Manyan likitocinmu na teburin mai shayi tuni sun gama bincike: "Kyauta? Ai wayo ne, so suke su rage mana haihuwa." A gidajen barka kuma ana ta taɓe baki, wai 'yan matan yanzu ba su da juriya, naƙudar wuni ɗaya sai a kwashe su a kai wa wuƙa.

To, madalla da juriya. Yarinya ta kwana biyu tana durƙuso a ɗaki, an ba ta rubutu, an jiƙa wancan an dafa wannan, kunyar ɗan fari ta hana ta ko ƙwaƙƙwaran nishi. Kan yaro ya tokare a ƙugu, ya matse mafitsara da ƙashi har naman wurin ya mutu. Jariri ya tafi, ita kuma ta tashi da yoyon fitsari. Mai son ganin ladar juriya ya je Babbar Ruga a Katsina, inda Dakta Kees Waaldijk ya shafe shekaru yana ɗinke irin waɗannan mata. Ya tambaye su nawa ne mazajensu suka biyo su. Wanda ya hana a kai ta asibiti, shi ne farkon mai toshe hanci ya miƙa mata takarda.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka mutu wajen ciki da haihuwa a duk duniya 'yan Najeriya ne. Amma idan ka faɗa, sai a ce maka kwana ne ya ƙare. Haka ne. Sai dai ban taɓa ganin mai wannan tawakkali ya bar motarsa da birki a lalace ba.

Za a ce ma'aikatan asibiti na da wulaƙanci. Na ji. Gara tsawar nas da makara.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne maigida. Wata tara ciki na girma a gabansa, bai ajiye ko kuɗin mota ba, bai san ranar awo ba, bai san rukunin jinin matarsa ba. Ranar da ta rikice, likita na neman sa hannu, shi kuwa waya a kashe, ko ya ce sai ya ji ta bakin Hajiya. A ce ya ba da jini leda ɗaya, sai ya tuna yana da jiri. Amma bari kwana bakwai su cika: raguna biyu, anko kala uku, rumfa, mai hoto, akwatin fitar suna. Har bashi ake ci. Kuɗin ankon dangin miji kaɗai ya isa awo tun daga watan farko har haihuwa, da canji.

Idan ta tsira ma ba a ƙyale ta ba. Ga wankan jego da tafasasshen ruwa safe da yamma har arba'in, ga kunun kanwa kwano-kwano. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya, Davidson da Parry, suka danganta wannan da ciwon zuciyar da ke kama masu jego, ƙafafu su kumbura, numfashi ya gagara. Har yau idan mai jego ta kumbura, sai a ce sanyi ne ya shige ta, a ƙara wuta a ƙarƙashin tukunya.

Batun rage haihuwa kuwa tsohuwar waƙa ce. Ita aka rera a 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, cutar ta bazu har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Yaran da suka shanye a lokacin yanzu magidanta ne a kan keken guragu, kuma ba mu ji wanda ya fito ya ba su haƙuri ba. Wasu daga cikin masu waccan fatawa suna nan da ransu, sun dai sauya maudu'i.