Siminti Ba Ya Yi wa Kowa Kara

An daɗe ana cewa injiniyoyi ba su iya magana ba. Yaro zai dubi shugabansa mai furfura a tsakiyar taro ya ce, "Lissafin nan ba daidai ba ne, ginshiƙin ba zai ɗauki nauyin ba," ko sakaya zancen ba zai yi ba. Sai a fito ana tsaki, wai ilimi ya zo babu tarbiyya, wai su je su koyi lafazi wurin lauyoyi da ma'aikatan banki. Ni ban yarda ba. Masu wannan ƙorafi ba su lura da wanda kowane gwani yake ƙoƙarin gamsarwa ba.

Lauya alƙali yake son shawo kansa, ɗan siyasa mai ƙuri'a yake zawarci. Mutum suke fuskanta, mutum kuwa yana lallasuwa. Shi injiniya, masu yanke masa hukunci su ne rodi da siminti da iska da sanyi, waɗanda ba su san "ranka ya daɗe" ba. Kuskuren da aka ji nauyin faɗa a ofis yana nan cikin ginin, yana jiran ranarsa.

A daren 27 ga Janairun 1986 injiniyoyin kamfanin Morton Thiokol, wanda ya ƙera rokokin da ke cilla kumbon Challenger, sun shaida wa hukumar NASA ta wayar tarho cewa kada a harba shi. Akwai zoben roba da ke toshe mahaɗar rokar, sanyi yana sandarar da shi, in ya sandare iskar wuta za ta samu hanyar fita. Ɗaya daga cikin injiniyoyin, Roger Boisjoly, ya rubuta gargaɗi kan wannan zobe tun watan Yulin 1985. Injiniyoyin suka ce kada a harba in ma'aunin zafi ya gaza digiri 12, ga shi ana hasashen sanyi mai daskarar da ruwa a Florida, inda za a harba shi. Jami'an NASA suka nuna ɓacin rai. Manajojin kamfanin suka keɓe, aka ce wa shugaban injiniyoyin ya cire hular injiniya ya sa ta manaja. Ya sa. Washegari, daƙiƙa 73 da tashi, kumbon ya tarwatse da mutum bakwai, ciki har da malamar makaranta Christa McAuliffe. Da aka zo bincike, masanin kimiyya Richard Feynman ya matse guntun robar ya tsoma cikin ruwan ƙanƙara a gaban kyamara, ya ciro ta, ta kasa komawa yadda take. Gardamar da manya suka kashe da lallami, kofin ruwa ya raba ta. Boisjoly kuwa, abokan aiki suka juya masa baya har ya bar kamfanin.

A 1978 tambayar ɗalibar jami'a ce ta kai ga injiniya William LeMessurier ya sake lissafin benen Citicorp mai hawa 59 a New York, ya gano iska mai ƙarfi za ta iya kayar da shi, aka bi dare ana walda don ƙarfafa shi. Bai tsaya tambayar shekarunta ba.

Za a ce ai wasu na fakewa da gaskiya su ci mutuncin mutane. Haka ne. Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro manhajar Linux, sai da ya nemi afuwa a 2018 kan zafin bakinsa. Zagi ba hujja ba ne, wanda ya ce wa abokin aikinsa jaki bai gyara lissafin komai ba. Amma masu sukar ba zagin ne ya dame su ba. Abin da ke ƙona musu rai shi ne ƙarami ya ce wa babba ya yi kuskure.

Mu nan kunya da kara ado ne, kuma suna da muhallinsu. Filin gini ba ya ciki. Benen da ya rufta a unguwar Ikoyi ta Legas a Nuwamban 2021 ya kashe fiye da mutum 40, ba kuma shi ne na ƙarshe ba. Don haka, shugabannin ma'aikatu da 'yan kwangila, duk ranar da ƙaramin injiniya ya ce muku aiki ba zai tsaya ba, ku ce ya kawo lissafinsa a baje a kan tebur. In kun kayar da shi da lissafi, madalla. In da girma kuka kayar da shi, ku ne masu laifin.