Martani: Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo

Malam, na karanta rubutunka inda ka ce zaman shawara da jama'a kafin a kawo musu tallafi ɓata kuɗi ne, wai mabuƙaci ba ya zaɓe. Ban yarda ba, kuma Kano ce hujjata.

A 2003 gwamnatin Kano ta dakatar da allurar shan inna. Kuɗi akwai, magani akwai, motoci akwai. Yarda ce babu. Mutanen da ba su manta gwajin maganin Trovan da aka yi wa yaransu a 1996 ba, aka zo ƙofar gidajensu da ɗigon rigakafin, ba wanda ya fara zaunawa da su. Uwa ta tsaya a soro tana tambaya: me ya sa wannan kyauta ne har gida, amma maganin zazzaɓin ɗana sai na saya? Tambaya ce ta hankali, aka mayar da ita jahilci. Kafin a dawo da allurar a 2004, cutar ta tsallaka zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita.

Lamarin bai gyaru ba sai da aka sa sarakuna a gaba ƙarƙashin Sarkin Musulmi, da malamai, da matan unguwa masu shiga har tsakar gida, waɗanda ake kiransu da sunansu. A Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta kuɓuta daga asalin ƙwayar cutar.

Kai da kake lissafin kuɗin zama a ƙofar mai unguwa, Malam, ka lissafa mana yaran da suka gurgunce saboda rashin zaman.