Sanatocin da Suka Ƙi Yaƙi, Ga Jama'arku a Gidan Sori

A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Yamai, ƙungiyar ECOWAS ta yi barazanar tura soja Nijar. Sanatocin arewacin Najeriya, ta bakin Sanata Kawu Sumaila na Kano ta Kudu, suka ce a bi hanyar sulhu, domin wutar da za a kunna jihohinsu na kan iyaka za ta fara ci. Majalisar Dattawa ta goyi bayan wannan ra'ayi, kuma sun kyauta. Sai dai akwai wani yaƙin da ba a ayyana ba, wanda tun 2019 yake koro mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa jihar Maradi. 'Yan bindiga sun tasa dubban magidanta daga yankunan Sabon Birni da Isa suka tsallako gundumar Gidan Rumji, talakawan Gidan Sori suka buɗe musu zaure da rumbu tun kafin hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsugunar da wasu a Garin Kaka da Cadakori. Waɗannan bayin Allah da suka yi gudun hijira jama'ar mazaɓun sanatocin ne. Idan da gaske zumunci ne ya hana ku amincewa da yaƙi, to zumunta a ƙafa take. Ranku ya daɗe, ku ziyarci mutanen nan, ku ware musu kaso a kasafin kuɗi, ku tallafa wa masu masaukinsu, sannan ku matsa wa gwamnati ta tsare ƙauyukansu har su koma gonakinsu lafiya.